Ranar da Na Ɗaga Rigar Baba Almakashi

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan ƙafarka ta daina kumburin nan, kuma kana shan maganin hawan jini ba sai an bi ka da shi ba. Mu nan lafiya, sai ƙaramar 'yata da ta yi mako tana tari, amma ta koma makaranta. Sau biyu na kira wayarka kana ta "wa ke magana?" har na haƙura, shi ya sa na koma ga takarda.

Na san rabona da rubuto maka tun rasuwar Mama, shekara biyu ke nan. Ba ni da bakin kare kaina. Yau ma matsala ce ta kawo ni, gara in faɗa da kaina kafin ka faɗa.

Wata takwas da suka wuce aka ba ni shugabancin sashenmu a kamfanin ɗinki. Keke ashirin da shida ne a ƙarƙashina, da teburin yanka ɗaya. Rigunan 'yan makaranta muke yi. Mai yankan wani dattijo ne, kowa Baba Almakashi yake ce masa. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, shekara tara baya, lokacin ko zare ban iya sa wa keke ba sai na lashe shi sau uku. Shi ya koya mini riƙe alli. Ranar da na ɓata yadi guda, shi ya ce wa shugaban lokacin hannunsa ne ya goce.

To Kawu, yanzu hannun nasa ya goce da gaske. Yankansa ya daina daidaita. Sai ka ga hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa biyu, ko kwala ta karkace. Tun da na hau kujerar nan nake gani. Kullum idan ya kawo mini ɗaurin da ya yanka sai in ce, "Madalla Baba, aiki ya yi kyau," in jira a tashi cin abinci in ɗauki almakashi in gyara abin da zan iya. Abin da ban iya gyarawa ba ya wuce. Makon jiya wata makaranta ta dawo mana da riga ɗari uku.

Manaja ya ba ni fom, ya ce kafin ƙarshen wata in rubuta yadda kowane ma'aikaci yake aiki, in kuma yi magana da duk wanda ke da gyara. Ka yi shekara talatin kana shugabantar mutane a kamfanin buga littattafai. Don Allah, yaya ake gaya wa mutumin da ya girmi ubanka, wanda ya koya maka aikin, cewa aikinsa ya lalace?

'Yarka.

19 ga Fabrairu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ashe ina da rai. Da Innarki ta miƙo mini takardar na ce ta duba da kyau, ƙila ta maƙwabta ce. Har yanzu Uwata nake ce miki, tunda sunan mahaifiyata aka sa miki, ko da yake mahaifiyata ba ta taɓa yin shekara biyu ba ta neme ni ba. Ƙafa da sauƙi. Hannu ne yanzu yake rawa, za ki gani a rubutun. Allah ya ba ƙaramar lafiya.

Na karanta batun dattijonku. Bari in fara da ke. Wata takwas kina ce masa madalla, kina gyara masa aiki a ɓoye, kina ganin tausayi ne. Ba shi kika tausaya wa ba, kanki kika tausaya wa, don kada ki ga fuskarsa lokacin da zai ji. Kin bar shi yana tafiya da ƙura a baya kowa na gani, ke da ya kamata ki kaɗe masa kina murmushi.

Ga abin da za ki yi. Kada ki rubuta komai a fom ɗin nan tukuna. Ki ɗauki riga ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su, ki shimfiɗa masa ita, ki faɗa masa gabanin kowa. Kada ki yi kwana-kwana, kada ki fara da yabon da ba ki nufi ba, dattijo yana jin ƙamshin irin wannan tun daga nesa. Ki ce ga hannu, ga hannu, ga bambancin. Maganar rigar za ki yi, ban da maganar shekarunsa. Sannan ki yi shiru ki ji ta bakinsa.

Akwai sauran magana, amma alƙalamin ya fara fin ƙarfina. Ki rubuto mini yadda kuka yi.

Kawunki.

2 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata hannun ya yi sauƙi. Mu muna lafiya a jiki.

Na yi abin da ka ce. Ka ce in faɗa masa a gaban kowa, na faɗa masa a gaban kowa. Yanzu sai ka ji abin da shawararka ta haifar.

Kowace Litinin da safe mukan tsaya minti goma a tsakanin layukan kekuna kafin a kunna wuta. Ranar kowa na nan. Baba yana jingine da teburinsa, tef ɗin awo a wuya, yana fere alli. Na fito da rigar daga leda, na kama ta a kafaɗu na ɗaga sama. Ba sai an yi awo ba, hannun hagu yana lilo ƙasa da na dama. Wata daga baya ta yi dariya, sai ta toshe baki.

Na ce, "Baba, wannan yankanka ne?"

Ya matso, ya kai fuskarsa dab da rigar kamar zai sansana ta. Ya ce, "Nawa ne."

Na ce, "Irinta ɗari uku aka dawo mana da su. Kuma ba yau aka fara ba. Wata takwas ke nan ina bin bayanka ina gyarawa."

Wannan ta ƙarshen ban shirya faɗinta ba, ita ta fito da kanta. Ya dube ni ya ce, "Wata takwas?" Na ce e. Ka ce in yi shiru in ji ta bakinsa, na yi shiru. Mutum ashirin da takwas muna tsaye, ana jin ƙarar fanka. Can ya ce, "To, shugaba." Tun da nake da shi bai taɓa kirana shugaba ba, 'yata yake cewa.

Ya koma tebur ya yi aikinsa har aka tashi. Ya share teburin, ya naɗe tef, ya jera kwalayen awo bisa girmansu. Talata bai zo ba. Laraba ɗansa ya kawo takardar ajiye aiki, layi biyu, ya ajiye wa maigadi a ƙofa bai ko shigo ba.

Tun ranar sashen ya zama kamar gidan makoki. Ina shiga hira take mutuwa. Matan da muke cin abinci a kwano ɗaya shekara tara yanzu sukan ɗauki nasu su fita bayan sito. Idan na ce a yi abu, a yi shi daidai yadda na faɗa, ko da an ga na yi kuskure, ba mai ɗaga kai ya ce mini ga rami. Jiya na ba da zaren da bai dace da yadin ba, suka ɗinka riga arba'in da shi suna kallona.

Na ɗauka shekara talatin ɗinka ta koya maka wani abin da ban sani ba. Da na bi zuciyata da har yanzu yana kan teburinsa. Wataƙila a zamaninku haka ake yi, a tsayar da mutum a tsakiyar jama'a a tuɓe shi. Ni dai ka sa na yi wa wanda ya rufa mini asiri abin da ko maƙiyi ban yi wa ba.

'Yarka.

6 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Yau mako biyar da na aiko maka takarda, shiru. Na san ta isa, don direban motar da na ba saƙon ya ce hannu da hannu ya ba Inna.

Idan maganata ta yi zafi, ai gaskiya ce. Ban zaci kai ma irin manyan nan ne da sukan ba da umarni, idan abu ya ɓaci su shige ofis su rufe ƙofa ba. Ko "ban yi zaton haka za ta kasance ba" ka rubuto, ya ishe ni.

An kawo sabon mai yanka. Yankansa daidai ne. Ba ya gaishe da kowa, ba wanda ke gaishe shi.

Ba zan sake damunka ba.

'Yarka.

28 ga Afrilu

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Wannan rubutun Innarki ne, ni nake faɗa tana rubutawa, don haka idan kin ga wata kalma ta yi laushi ita ta sassauta ta.

Kwana huɗu bayan na aiko miki takardata na faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Ɓarin dama ya shanye. Kwana talatin da ɗaya na yi a asibiti. Yanzu baki ya dawo, ƙafa tana ja, hannun dama sai dai a ɗaga shi a ajiye. Innarki ta ɓoye takardunki biyu har sai da likita ya ce jinin ya sauka. Shekaranjiya ta karanta mini su. Ga ofishin da na shige na rufe ƙofa. Duk tsawon makonnin nan ba ki tambayi kowa ko lafiya nake ba, ga lambar Innarki a wayarki, kuma ita kunnenta garau.

Yanzu ki tashi ki ɗauko takardata. Ki sa ta a haske. Gabanin kowa na rubuta. Kafin kowa ya ji, kafin Manaja, kafin fom, ke da shi. Na san abin da na rubuta, don sai da na tsaya a kan kalmar nan na huta.

Amma a ce ma hannuna ya ci haruffa biyu. A ce gaban kowa na rubuta. Ke da kika yi shekara tara da mutumin, ba abin da ya tsaya miki a wuya? Ba ki ce tsohon nan ya rikice ba, bari in sake tambayarsa? Kwana uku ne tsakanin takardata da Litinin ɗinki. Kuma a ina na ce ki gaya masa kina bin bayansa kina gyarawa? Wannan daga aljihunki kika ciro ta.

Kin ce a zamaninmu haka ake yi. Gaskiya ne, kuma ni na fi kowa iyawa. Tsawa suke kirana a bayan idona. Bari in gaya miki abin da ya same ni a asibitin nan. A gadon da ke kallon nawa akwai wani mai ciwon suga, an yanke masa ƙafa. Kwana biyu yana kallona. A na uku ya ce, "Ba ka gane ni ba ko?" Na ce a'a. Ya ce shi ne ya taɓa juya shafi takwas a wani littafin lissafi, aka buga dubu biyu a haka. Sai ya maimaita mini abin da na faɗa masa ranar a gaban injina, kalma bayan kalma, har da inda na ambaci mahaifiyarsa. Shekara ashirin da shida, Uwata. Ni na manta da fuskarsa, shi bai manta ko wasali ɗaya ba. Bai zage ni ba. Da ya gama ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya juya wa bango fuska. Ina kwance bakina a karkace, ko haƙuri ban iya furtawa yadda zai ji ba. Da bakin ya dawo an riga an sallame shi.

Mutumin da ya ga wannan ne kike cewa ya aike ki ki tozarta dattijo.

Ki je gidansa. Kada ki je don ya dawo, kada ki je da bayani. Kada kuma ki ambace ni, ba ni na ɗaga rigar ba.

Innarki ta ce in ƙara da cewa muna kewarki. Na ce ta rubuta, tunda alƙalamin a hannunta yake.

Kawunki.

15 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Yaya ƙafar, ana samun takawa? Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa Inna da alheri. Na kira ta ranar da takardarka ta zo, ita ta yi ta ba ni haƙuri kamar ni ce mara lafiyar. Na nemi hutun mako guda a farkon wata mai zuwa, zan zo da yaran. Abin da na rubuta maka kana kwance, ban san da wane baki zan nemi gafararsa ba. Zan zo in nema a tsaye.

Na ɗauko takardar. Gabanin ne. Haruffan biyu sun faɗa daidai kan ninkin takardar, amma suna nan, ko yaro zai gan su. Wancan karon sau ɗaya na karanta ta, a tsaye, a bakin get.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar Juma'ar da ta gabaci Litinin ɗin, Manaja ya shigo sashenmu da kwalin rigunan, ya juye shi a ƙafafuna a gaban ma'aikatana, ya ce, "An ba ki kujera ko an ba ki katifa?" Na kwana biyu maganar tana cina. Da na zo kan layinka, abin da nake so in gani shi na gani. Ina neman wanda zan sauke wa, kuma na zaɓi wanda na san ba zai rama ba.

Na je gidan Baba ranar Asabar. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, bayan masu gyaran babur. Na same shi a zaune a ƙofa, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Yanar ido ce. An yi masa aikin na dama, na hagu sai bayan wata biyu. Likita ya ce masa da ya zo tun bara da tuni ya manta da zancen.

Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na ce na zo ba da haƙuri. Ya ce ya haƙura. Da sauri ya faɗa, yadda ake sallamar mai talla.

Sannan ya ce, "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba rigar ba ce. Na fi shekara ina ganin layin alli biyu-biyu. Ina tsoro, ban gaya wa kowa ba, ko matata. Kullum idan na kawo miki ɗauri ina kallon bakinki, ina cewa yarinyar nan ni na koya mata, idan akwai matsala za ta faɗa mini. Sai ki ce madalla. Sai in koma in ce wa kaina, to, ashe idon bai kai inda nake tsoro ba. Da maganarki nake auna idona."

Na ce masa kunyarsa nake ji. Ya ce, "Kunya ce ta wata takwas, ta ƙare ranar Litinin?"

Na roƙe shi ya dawo idan ido ya warke, ko don ya koya wa sababbi. Na riga na shawo kan Manaja. Ya girgiza kai. Ya ce yanka zai iya, amma ba zai iya sake tsayawa a tsakanin kekunan nan ba, yana sanin wadda ta yi dariya tana bayansa. Ya raka ni har bakin lungu yana dafa bango. Ya ce in gaida yara. Shugaba ya kira ni har muka rabu.

Ka san abin da ya biyo baya a wurin aiki? Fom ɗina ya dawo daga ofis. Manaja ya rubuta cewa na nuna ƙarfin hali, ba na tsoron faɗar gaskiya, kuma tun zuwan sabon mai yanka ba a dawo mana da riga ko ɗaya ba. Ya ce yana so in tsaya gaban sauran shugabannin sassa in koya musu yadda ake gyara ma'aikaci. Na ce masa ba ni da lafiyar murya. Ya ce zai jira.

Shekaranjiya kuma na lura wata mai ɗinki a layi na uku tana tsallake maɓalli. Kwana biyu kawai na gani, na ce ba zan bari ya kai uku ba. Na jira aka tashi cin abinci, na matsa kusa da ita na ce a hankali ta same ni a ofis. Na tura kujerata gefe, na ajiye biyu suna kallon juna, na shimfiɗa rigar a kan tebur. Na shirya abin da zan faɗa: ga maɓalli, ga gurbin da babu, me ke faruwa, me zan taimaka da shi.

Ta fi minti goma ba ta zo ba. Da ta shigo, jakarta na rataye a kafaɗa, kwanon abincinta da silifas ɗin da take sawa a wurin aiki suna cikin leda a hannunta. Ta kwashe komai daga aljihun kekenta. Shekara shida muna zaune keke da keke da matar nan, ni na riƙe mata jaririnta ranar da ta dawo daga haihuwa.

Na ce ta zauna. Ta ƙi. Ta tura ƙofar da bayanta ta rufe, ta ce, "Shugaba, in kora ce ki kore ni a nan, yanzu, zan tafi ba wanda zai ji bakina. Abu ɗaya nake roƙonki. Don girman Allah kada ki kai ni Litinin."

Kawu, maɓalli biyu ne.

'Yarka.